Tambayoyi da Amsoshi: Ɗan Ikkilisiya Yana da Ikon Tambayar Fasto Kan Koyarwarsa da Riƙon Amanarsa?

Waɗannan tambayoyi suna yawan tasowa a tsakanin Kiristocin arewa, a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, a taron matasa, a wajen zumuntar mata, amma galibi da murya ƙasa-ƙasa bayan an tashi sujada. An tattara su ne saboda masu bi da suke ƙaunar ikkilisiyarsu, suke ganin girman fastonsu, amma wani abu yana ci musu rai sun rasa ta inda za su ɓullo masa. Ra'ayina a fili yake: tambayar fasto kan abin da ya koyar da abin da aka damƙa masa nauyi ne da Allah ya ɗora wa jama'arsa, kuma shirun da muke yi ya cuce mu ƙwarai.

Idan na tambayi fasto kan wa'azinsa, ban yi rashin kunya ba?

Ya danganta da yadda ka yi tambayar. An rene mu a kan cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, fasto kuma uba ne a wurinmu. Baba muke ce masa ko da sa'an ɗanmu ne, matarsa kuma Mama. Wannan tarbiyya mai kyau ce, kada a yar da ita. Amma aikin ladabi shi ne ya koya maka yadda za ka faɗi magana, bai ce ka haɗiye ta ba.

A Ayyukan Manzanni 17:11 an yabi mutanen Biriya saboda sun karɓi wa'azin Bulus da marmari, suna kuma bin Nassi kowace rana su ga ko abin da ya faɗa haka yake. Bulus fa, manzo. A sura ta 18, Afolos gwanin magana ne, masanin Nassi, amma da Bilkisu da Akila suka ji akwai giɓi a koyarwarsa, sai suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa, su kuwa masu sana'ar ɗinkin alfarwa ne. A Galatiyawa 2, Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya don ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba.

Wani zai kawo Ibraniyawa 13:17, cewa a yi wa shugabanni biyayya. Gaskiya ne, a yi. Amma ayar da kanta ta ce za su ba da lissafin rayukan da suke tsaro. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma a wurare da yawa iyayenmu sun koyi karatu ne a ajin shirin baftisma, don kowa ya iya buɗe Littafin da hannunsa. Bai dace jikokinsu su rufe shi su ce abin da Baba ya faɗa ya isa ba.

To, ina batun “kada ku taɓa shafaffuna”?

Babu ayar da aka fi rufe bakin mutane da ita kamar wannan. Tana cikin Zabura 105:15 da 1 Tarihi 16:22. Ka ɗan koma baya ka karanta ayoyin da suka gabace ta. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu da iyalansu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah yana gargaɗin sarakunan ƙasashen kada su cuce su. Kariya ce ga marasa ƙarfi daga masu iko. Yau an juya ta, mai iko ne yake kāre kansa da ita daga marar ƙarfi.

Ana kuma kawo Dawuda da Saul. Dawuda ya ƙi kashe Saul a kogo, haka ne. Amma a 1 Sama'ila 24, da ya fito daga kogon ya ɗaga murya ya gaya wa Saul laifinsa, jarumawa suna ji. Hannunsa ya hana, bai hana bakinsa ba. Shi kansa Dawuda, shafaffen sarki, da ya ɗauki matar Uriya ya sa aka kashe mijin, annabi Natan ya shiga har fada ya ce masa kai ne mutumin. A Sabon Alkawari kuwa, 1 Yahaya 2:20 da 27 sun ce shafewar tana kan masu bi duka, kuma an faɗi hakan ne daidai wurin da ake gargaɗi game da masu ruɗin mutane.

Labarin Maryamu da kuturta da na Kora ma ana tsorata mutane da su. Waɗannan kishi ne da neman kujerar Musa. Wanda ya ce “Baba, ina aka sa kuɗin rufin majami'a?” ba kujerar kowa yake nema ba.

Ban je makarantar tauhidi ba. Yaya zan gane koyarwa ta karkace?

Fastonka da ya yi shekaru a makarantar tauhidi a Bukuru ko Kagoro ko Gindiri ya fi ka sanin abubuwa da yawa, ka yarda da wannan tun farko, zai hana ka girman kai. Sau da dama abin da ka ji ya yi maka baƙo gaskiya ne da ba ka taɓa ji ba. Amma akwai abin da kowane mai karatu zai iya.

Ka rubuta ayar da aka yi wa'azi a kanta, in ka koma gida ka karanta surar gaba ɗaya. Yawancin karkatacciyar koyarwa a nan take tonuwa, domin an ciro rabin aya ne aka gina mata gida. Sannan ka lura da wanda wa'azin yake ɗaukakawa mako bayan mako. Idan wata uku ana maganar mafarkin fasto, da ikon fasto, da abin da ya sami waɗanda suka yi jayayya da fasto, ba a ji gicciye ba, ba a ji tuba ba, akwai matsala. Ka kuma lura ko koyarwar tana sa ka dogara ga Almasihu, ko tana sa ka ji ba za ka iya yin aure, ko tafiya, ko sayen fili ba sai an tambayo maka a wurin bawan Allah.

Ka bambanta tsakanin tushe da reshe. Yadda ake baftisma, ko mata su ɗaura ɗankwali, ko irin kiɗan da ake yi, ɗarikoki sun daɗe da bambanta a kansu. Amma wanda ya ce ceto yana buƙatar man da yake sayarwa, ko ya ce maganarsa daidai take da Nassi, tushe ya taɓa.

Fasto ya yi annabci bai cika ba, ya ce rashin bangaskiyata ne. Haka ne?

Maimaitawar Shari'a 18:22 ta yanke wannan: idan annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, Ubangiji bai faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Ba a ɗora laifin a kan mai ji ba. 1 Tasalonikawa 5:20-21 ta ce kada a rena annabci, amma a gwada kome. Duk ƙarshen shekara muna jin annabce-annabce, duk lokacin zaɓe muna jin wanda “Allah ya nuna” zai ci. Da za mu riƙa rubuta su mu dawo mu duba bayan wata goma sha biyu, da an rage wasa da sunan Allah.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne annabcin da ke raba gida: a ce wa mace surukarta ce ta ɗaure mata mahaifa, ko a nuna yaro a ce maye ne. Irin wannan magana ta jawo an doki yara, an kori tsofaffi daga gidajensu. Wanda ya faɗe ta dole a kira shi gaban dattawa ya amsa.

Shuka iri fa? An ce in na ba da kuɗi mai tsoka ƙofa za ta buɗe.

Bayarwa umarni ce, kuma Allah yana sa albarka. Amma 2 Korantiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sami baiwar Allah, amsar da ya samu a Ayyukan Manzanni 8 mai zafi ce. Idan aka sa wa addu'a farashi, aka ce masu dubu hamsin su fara fitowa, sannan masu dubu ashirin, gwauruwa tana zaune a baya da naira ɗari biyu a ƙulle a bakin zane tana jin kamar Allah ya tsallake ta, wannan ciniki ne. Kada ka ci bashi, kada ka taɓa kuɗin makarantar yara ko na magani don shuka iri.

Ina da ikon sanin yadda ake kashe baiko da zakka?

Kana da shi. Wasu sukan ce ai Allah ka ba, me ya dame ka da inda ya tafi. Don na Allah ne ma ya sa ya kamata a fi kula da shi.

Ga yadda ake yi a ikkilisiyar da ta san abin da take yi. An yi albarka an tashi, mutane suna gaisawa a waje. Dattawa biyu ko uku da ma'aji da sakataren kuɗi suka shiga ɗaki da kwandunan baiko, suka zube a tebur. Wannan yana ware 'yan dubu-dubu, wancan yana miƙe tsofaffin hamsin-hamsin da suka yi laushi, wani yana buɗe ambulan zakka yana kiran adadi ana rubutawa. Aka ƙirga sau biyu, kowa ya sa hannu a littafi. Ranar Litinin kuɗin ya shiga asusun banki mai sunan ikkilisiya, wanda ba a cire ko kwabo sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. Lahadi mai zuwa aka sanar da abin da aka samu. Ƙarshen shekara aka karanta rahoto a taron membobi, masu binciken kuɗi daga gunduma suka zo suka duba littattafai. Fasto bai taɓa kuɗin ba, kuma wannan kariya ce gare shi, domin ba mai iya yi masa ƙazafi.

Inda aka fi samun ɓaraka wurare uku ne. Na farko godiyar kaka: buhunan masara, doya, awaki, kaji, ana kawo su gaban bagadi ana waƙa, amma ba kullum ake rubuta su ba, kafin sati biyu ba wanda zai iya cewa buhu nawa ne. Na biyu gidauniyar gini, wadda ake kafawa shekara bayan shekara bango yana nan inda yake. Na uku sabo ne: tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba tura baiko ta waya, a wasu wuraren kuma lambar asusun fasto ce aka karanta daga mumbari “na ɗan lokaci”, har yau ba a canja ba.

Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya ce akwai ɗan'uwa da ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa ya raka kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi, domin suna so su yi daidai a gaban Allah da gaban mutane. A 2 Sarakuna 12 kuma, har shekara ta 23 ta sarautar Yowash firistoci suna karɓar kuɗi ba su gyara Haikali ba. Sai aka huda murfin akwati aka ajiye kusa da bagadi, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga. Wasu sukan nuna aya ta 15, inda aka ce ba a nemi lissafi daga masu kula da aikin ba saboda amincinsu. Haka ne, amma sai da aka fara fitar da kuɗin daga hannun firistoci aka kai ga wannan.

Wa ke sa ido a kan fasto?

A manyan ɗarikokin arewa amsar tana rubuce. ECWA, wadda ta fito daga aikin mishan na SIM ta tsaya da ƙafarta a 1954, tana da majalisu hawa-hawa, daga dattawan majami'a zuwa majalisar yanki (LCC), zuwa ta gunduma (DCC), har babbar majalisa a Jos. COCIN tana da nata matakan har hedkwatarta a Jos. EYN, wadda ta faro daga Garkida a 1923, tana taron Majalisa kowace shekara, ana kuma zaɓen shugabanninta na wa'adi. LCCN ta Lutheran da Angilikan da Katolika suna da bishop a kan limamansu, Baptis kuma taron membobi ne ke da ƙarfi. Kowace tana da kundin tsarin mulki da ya faɗi yadda ake kai ƙarar fasto, da yadda ake dakatar da shi ko a karɓe lasisinsa.

Matsalarmu ita ce yawancin membobi ba su taɓa ganin kundin ba. Ka nemi kwafi, haƙƙinka ne. Matsala ta biyu kuma, dattawa da yawa sun ɗauka aikinsu shi ne su ce “to, Baba”. Ga kuma ƙabilanci, wanda ba ma son a ambata: fasto ɗan yarenmu ne, saboda haka duk mai ƙorafi maƙiyinmu ne.

Ikkilisiyoyin da mutum ɗaya ya kafa sun fi wuya. Shi ne shugaba, matarsa mataimakiya, ƙaninsa ma'aji, amintattun da aka yi rajista da su yaransa ne na ruhaniya. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu sosai, amma tsarin bai bar wurin da za a kai kuka ba. CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya da aka kafa a 1976, da PFN ta ikkilisiyoyin Fentikos, ƙungiyoyin haɗin kai ne, ba su ke naɗa fasto ba, ba su da ikon tuɓe shi. Kafin ka zauna a irin wannan wuri, ka yi tambaya ɗaya: idan shugaba ya yi laifi, wa zai iya dakatar da shi? In ba amsa, ka san inda kake.

Na ga abin da bai dace ba. Ta ina zan fara?

Ka fara da tabbatarwa. Abin da ka gani da idonka daban, abin da aka ce an ce daban. 1 Timoti 5:19 ta hana karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, domin shugaba yana da maƙiya. Amma aya ta 20 tana biye: wanda ya nace da zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Mun haddace ta 19 mun manta ta 20.

In maganar koyarwa ce ko wani saɓani tsakaninku, ka bi Matiyu 18. Ka nemi lokaci, kada ka tare shi a ƙofar majami'a. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: “Baba, ranar Lahadi na ji ka ce kaza, na koma na karanta wurin, ban gane yadda suka haɗu ba. Ka taimake ni.” Fasto nagari zai ji daɗi, wani ma zai gyara a mumbari. In bai saurara ba, ka koma da dattijo ɗaya ko biyu. In abin ya ci tura, ka rubuta wa majalisar dattawa takarda da sunanka da kwanan wata, ka riƙe kwafi, daga nan sai mataki na gaba. Takardar da ba suna ba ta da amfani, kuma tsoro take koya wa mutane. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Idan zargin lalata ne, ko fyaɗe, ko taɓa yara?

A nan hanya ta bambanta, kuma ina roƙon dattawa su ji wannan da kyau. Ba a tura yarinya ta je ta sami wanda ya ɓata ta “su biyu” da sunan Matiyu 18. Ba a ce mata ta kawo shaidu biyu, domin irin wannan abu ba a yin sa a gaban shaidu. A kai ta asibiti da wuri, a sanar da 'yan sanda, a dakatar da wanda ake zargi daga aiki har a gama bincike. Fyaɗe laifi ne a dokar ƙasa, akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, jihohi da dama kuma sun amince da su. 1 Korantiyawa 6, da ta hana kai ɗan'uwa kotu, maganar rigingimun dukiya da makamantansu take yi. Romawa 13 ta ce hukuma tana riƙe da takobi saboda mai mugunta, ba ta cire mai farin kwala ba.

Abin da muka saba yi abin kunya ne. Yarinyar zumuntar matasa ta yi ciki, a kira sunanta a gaban jama'a, a sa ta horo, ta koma bencin baya, a hana ta Jibin Ubangiji. In babba ne ya yi, sai a yi taro a ɓoye, a ba iyaye haƙuri, a yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye inda ba wanda ya san labari. Waɗanda suka sa hannu a wannan canji suna da alhakin duk yarinyar da zai taɓa a can. Gafara gaskiya ce, mai tuba Allah yana karɓarsa. Amma gafara ba ta mayar wa mutum mumbari nan take, ba ta kuma soke shari'a.

Muna cikin tsanani. Tona asirin fasto ba ba maƙiya abin magana ba ne?

Wannan ce tambayar da ta fi nauyi a arewa, ba na kuma rena ta. An ƙone majami'u, an sace fastoci, an kashe wasu. A 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN na Michika, bayan an sace shi. Mutanen da suka ga irin wannan dole su ji cewa haɗa kai shi ne rai.

Amma maƙwabtanmu ba makafi ba ne. Abin da muke ɓoyewa a majami'a an riga an san shi a kasuwa da tashar mota. Abin da ba su gani ba shi ne ikkilisiya ta hukunta nata da adalci, kuma ganin hakan zai ƙara mata daraja ne. Sannan lokacin wahala ne kayan agaji suke shigowa da sunan 'yan gudun hijira da gwauraye da marayu. Wanda ya karkatar da buhun shinkafar matar da aka kashe mijinta saboda bangaskiya, ya ce a yi shiru don kada a ji a waje, ya ci amanar jinin waɗanda suka mutu. Bulus ya gaya wa dattawan Afisa a Ayyukan Manzanni 20 cewa kyarketai za su shigo daga waje, kuma daga cikinsu ma waɗansu za su tashi. Ya ce a yi tsaro ta fuska biyun.

Me zai hana gwamnati ta shiga ta gyara?

An gwada. Wata ƙa'ida ta hukumar kula da rahoton kuɗi ta tarayya ta iyakance shugabancin ƙungiyoyin addini zuwa shekara 20. A Janairun 2017 Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya shugabanci cocinsa, RCCG, a Nijeriya, cikin kwanaki gwamnati ta dakatar da ƙa'idar ta kuma sauke shugaban hukumar. A 2020 dokar kamfanoni ta CAMA ta zo da sashe na 839, wanda ya ba hukumar rajistar kamfanoni damar dakatar da amintattun ƙungiya ta sa masu riƙo, CAN ta yi fatali da shi. Ruwanda ta rufe majami'u kusan 700 a Kigali a 2018, ta kuma wajabta wa masu wa'azi karatun tauhidi.

A ganina, a ƙasar da addini da siyasa suka cakuɗe kamar tamu, ba jami'in gwamnati ikon cewa wane zai yi wa'azi hatsari ne. Amma inda rai ko dukiyar mutane ta salwanta, hukuma ta yi aikinta. A ranar 12 ga Satumba 2014 masaukin baƙi na cocin T.B. Joshua a Legas ya rufta, mutum 116 suka mutu, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu, shi kuwa bai bayyana gaban mai binciken musabbabin mutuwar ba duk da kiran da aka yi masa. Wanda ake kira Rabaran King an yanke masa hukuncin kisa a 2007 saboda cinna wa mabiyansa wuta har ɗaya ta mutu, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2016. A Kenya, daga Afrilun 2023 aka tono gawawwaki fiye da 400 a dajin Shakahola, na mabiyan Paul Mackenzie da aka ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. A irin waɗannan wurare akan sami mutanen da suka ga alamu tun da wuri, tsoron “shafaffe” ya rufe musu baki. Ikkilisiyar da ba ta son hannun gwamnati a littattafanta, ta buɗe su ga membobinta.

An ce in daina shan magani don in nuna bangaskiya.

Kada ka daina. Mai ciwon suga, ko hawan jini, ko mai shan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka, ya ci gaba da sha ana yi masa addu'a. In an ce ka warke, ka koma asibiti a gwada. Luka likita ne, Bulus ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas. Mishan ɗin da suka kawo mana bishara su ne suka gina asibitoci a Vom da Garkida da Galmi.

Fastocin da membobi suke zalunta fa?

Suna da yawa, sun ma fi fastoci masu jiragen sama yawa nesa ba kusa ba. Akwai mai bishara a ƙauye da yake wata da watanni ba albashi, yana noma da hannunsa, matarsa tana sayar da ƙosai don kuɗin makarantar yara, dare ya yi a buga masa ƙofa ya kai mai naƙuda asibiti a babur ɗinsa. Akwai wanda attajiri ɗaya a majalisa ya sa aka canja shi don ya yi wa'azi a kan cin hanci. 1 Timoti 5:17-18 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Ikkilisiyar da take neman lissafi daga fasto ita ma ta ba da nata: ta biya shi a kan lokaci, ta gyara gidan da yake ciki, ta tanadi abin da zai ci in ya yi ritaya, ta kuma saurari ta bakinsa kafin ta yanke hukunci. Mai ƙazafi ma a hore shi kamar yadda za a hori faston da ya yi laifi.

In rubuta a Facebook?

In ba ka bi matakan cikin gida ba, a'a. Abin da ka rubuta ba ya gogewa, zai taɓa matarsa da 'ya'yansa, in kuma ba ka da hujja za a iya kai ka kotu. Koyarwar da aka yi a fili, aka yaɗa a bidiyo, ana iya amsa ta a fili da Nassi ba tare da zagi ba. Wanda aka toshe masa kowace ƙofa kuma, musamman a batun cin zarafi, lauya da 'yan sanda da ƙungiyoyin kare mata da yara sun fi masa amfani a kan dandalin sada zumunta.

Yaushe ya kamata in bar ikkilisiyar?

Ba don wa'azi ɗaya da bai yi maka daɗi ba, ba don an tsawata maka a kan laifinka ba. Amma idan ana musun tushen bangaskiya kuma an ƙi gyara, ko ana rufa wa mai cin zarafi asiri, ko an fara raba ka da iyayenka da matarka da sunan wahayi, ko ana yi maka barazanar la'ana in ka tafi, ka tafi. 3 Yahaya ta ambaci Diyotarifis, mai son shugabanci, wanda yake korar waɗanda suka saɓa masa daga ikkilisiya, manzo Yahaya kuwa bai ce a yi masa biyayya ba. La'anar da aka yi maka don ka nemi gaskiya ba ta kama ka, Karin Magana 26:2 ta faɗa.

Ka sanar da dattawa dalilinka a rubuce, kada ka bi gida-gida kana jan mutane. Ka nemi takardar shaidar zama memba in ana bayarwa, ka kai ta inda za ka. A sabon wurin ka zauna wata biyu ko uku kana saurare kafin ka karɓi wani aiki, ka halarci taron membobi ko sau ɗaya ka ji yadda ake karanta rahoton kuɗi, da yadda ake amsa wa wanda ya ɗaga hannu.